Idan Ana Ta Cin Yaranka: Yadda Koci Zai Riƙe Ƙungiya a Kakar da Nasara Ta Ƙi Zuwa

Akwai wata irin tafiya da yara ke yi idan an ci su karo na biyar a jere. Kowa ya rataya but ɗinsa a wuya, kai a sunkuye, ɗaya a nan ɗaya a can, kamar ba su ne suka zo cikin mota ɗaya suna waƙa da kiɗa ƙofa ba. Na ga wannan tafiya a wani filin firamare da ke Tudun Wada a Kaduna, ranar da aka zura mana huɗu da nema. Golana, ɗan shekara 13, ya zauna a gindin turken raga ya ƙi tashi, yana ta tsinkar zaren safar hannunsa. Atisayen da ya biyo baya yara 9 ne suka zo cikin 22.

Wannan 9 ɗin ta fi huɗun da aka ci mu yi mini ciwo, kuma ita ce ta sauya mini lissafi. Ƙungiyar manya idan ta sha kashi sai ta sauka a teburi. Ta yara kuwa watsewa take yi, wannan ya koma gidan kallon ƙwallo, wancan ya koma majalisar da iyayensa ke gudun masa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga tambaya ɗaya ne: yara nawa za su dawo fili a atisaye na gaba? Da masu horar da 'yan shekara 10 zuwa 15 nake, irin kociyoyin unguwa da ke Kawo da Rigasa da Unguwar Rimi da Kakuri da Barnawa, waɗanda ba wanda ke biyan su albashi, sau da yawa ma daga aljihunsu ake sayen ruwan leda.

Mataki na farko: minti 15 bayan an hura usur ɗin tashi

A nan aka fi yin ɓarna. Ranka a ɓace yake, 'yan kallo na ihu, wani na kiran sunan yaron da ya ɓarar da ƙwallo. Duk maganar da ka yaɓa wa yaro a wannan lokaci da ita zai kwana, wataƙila ma da ita zai girma.

Ka fara da kai yaran su gaisa da abokan karawa da alƙalin wasa, kai ne a gaba, ko da kana ganin alƙalin ya zalunce ku. Daga nan ka janye su nesa da jama'a, gindin bishiya ko bayan aji, su zauna, a raba ruwa. Kafin ka ce komai a kan wasan ka tambaya: "Akwai wanda ya ji ciwo?" Ka duba da idonka, domin yaro yakan ɓoye targaɗe don kada a ajiye shi a wasa na gaba. Wanda ya bugu a kai har ya ce yana ganin jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, asibiti za a kai shi a ranar, kuma ba zai sake taɓa ƙwallo ba sai likita ya yarda.

Maganarka kada ta wuce minti biyu. Abu ɗaya da suka yi daidai, ka faɗe shi da gaskiya ba don lallashi ba. Abu ɗaya da za a gyara, ba tare da kama suna ba. Sai ranar atisaye da lokacinsa. Ni nakan ce: "An ci mu, kuma da zafi, ni ma ina ji. Amma minti 20 na farko ba su ga ragarmu ba, wannan aikinku ne. Matsalar bugun kwana za mu zauna a kanta ranar Alhamis. Ƙarfe huɗu da rabi, ina son in ga kowa."

Sai ka nufi gola, kai da shi. Duk ƙwallon da ta shiga raga ta wuce mutum goma kafin ta iso gare shi, amma shi kaɗai ake gani yana ɗauko ta. Ka dafa kafaɗarsa ka gaya masa haka. Kuma a koma gida tare yadda aka zo tare, kada ka bar kowa ya sulale.

Abin da nake roƙonka ka bari shi ne horon tsallen kwaɗo da zagaye fili don an yi rashin nasara. Na yi shi a shekarata ta farko, na ga sakamakonsa. Yaron da ka hora da gudu zai ɗauki gudu a matsayin azaba, alhali gudun ne kake buƙata a wurinsa ranar wasa. Wanda kuma ka zaga don ya ɓata fasin, gobe ba zai nemi ƙwallo ba, zai laɓe a bayan ɗan wasan abokan karawa don kada a ba shi.

Mataki na biyu: ka sayi littafi

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Idan ana ta cin ka, kowa a unguwa yana da dalili: golan ne, alƙalai ne, yaran ba su da zuciya, an yi muku asiri. Ba za ka iya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba ka san wanne ne gaskiya ba. Gani ya kori ji.

A kowane wasa ka sa mataimakinka, ko wani babban yaro mai natsuwa, ya rubuta abu uku game da duk ƙwallon da aka ci ku: a minti na nawa ta shiga, a ina kuka rasa ƙwallon kafin ta shiga, kuma ta wace hanya ta zo, kwana ce, firikik ne, doguwa ce aka cilla bayan 'yan baya, ko kuwa a ƙafarku aka ƙwace. Idan akwai mai waya da zai hau tudu ya ɗauki bidiyo, madalla, amma biro da takarda ma sun wadatar. Bayan wasa huɗu ko biyar ka zauna da littafin da daddare. Za ka ga ƙwallayen sun taru a wuri ɗaya ko biyu.

Idan a minti 10 na farko ake cin ku, ka duba lokacin da kuke isa fili. Ƙungiyar da ta taso daga Kawo zuwa Sabon Tasha ta maƙale a cunkoson gada, ta sauka daga mota ana kiran ta shiga fili, an riga an ci ta tun kafin a take. Maganin wannan agogo ne: a isa saura minti 45. Idan a ƙarshen wasa ake cin ku, kafin ka ce ba su da numfashi ka tambayi abin da suka ci. Na taɓa tambaya, na tarar kusan rabin yarana tun kokon safe ba su sa komai a ciki ba, ga wasa ƙarfe huɗu. Ayaba ko burodi sa'a biyu kafin wasa, da ruwa isasshe, sun gyara abin da zagaye fili bai gyara ba. Idan kuma ƙwallayen a jere suke shiga, ɗaya ta shiga sai biyu su biyo ta cikin minti biyar, to zuciya ce ke karyewa, za mu zo kanta. Idan ko kullum ture yaranka ake yi a wuce, sun fi su tsawo da ƙashi nesa ba kusa ba, wataƙila gasar da ka shiga ba ta sa'anninsu ba ce.

Abin da littafina ya nuna mini ya ba ni mamaki. Fiye da rabin ƙwallayen daga golkik ɗinmu suka samo asali, wato bugun da gola ke yi idan ƙwallo ta fita ta bayan raga. Ƙafar golana ba ta kai ta cilla ƙwallo zuwa tsakiyar fili ba. Sai ta faɗo kusa da yadi na 18, daidai ƙirjin ɗan tsakiyarsu, alhali 'yan bayana sun riga sun baje sun tafi gaba. Wata biyu ina ɗora laifin a kan rashin zuciya, ashe tazarar 'yan taku ce.

Mataki na uku: matsala ɗaya, mako uku

Kocin da ake ci yakan so ya gyara komai a rana ɗaya. Yau ya sauya tsari, gobe ya mayar da ɗan gaba baya, jibi ya sauya gola. Yara sai su rikice, kowa ya daina sanin aikinsa. Ka zaɓi babbar matsalar da littafi ya nuna, ka tsaya a kanta mako uku, sauran su jira.

Ga yadda muka yi da tamu. Tun 2019 dokar ƙwallo ta sauya, an halatta wa ɗan wasa ya karɓi golkik a cikin yadi na 18, su kuma abokan karawa dole su tsaya a waje har sai an buga. Sai na sa 'yan baya biyu suna buɗewa hagu da dama kusa da gola, ɗan tsakiya ɗaya ya sauko, gola ya ba wanda ba a tsare ba. Da farko ba mai tare su. Sannan na sa mutum ɗaya yana kawo musu matsi, sannan biyu, sannan uku. Idan aka toshe ko'ina, babban ɗan bayanmu mai ƙarfin ƙafa ne ke bugawa, kuma gefen layi yake nufa, domin ƙwallon da aka rasa a gefe ba ta kai wadda aka rasa a tsakiya haɗari ba. A makon farko sun yi ta ɓatawa, har a wasa aka ci mu ɗaya ta wannan hanya. Tun kafin wasan na gaya musu duk ƙwallon da ta shiga ta nan, a wuyana take. Sai da suka ji haka suka daina tsoron gwadawa.

Shi kansa atisayen, minti 75 zuwa 90 ya isa. Alhamis da Juma'a su ne ranakun da yawancin Islamiyyu ba sa karatu, sai ka gina makonka a kansu. Idan kana da yara Kiristoci, kamar yadda ƙungiyoyi da dama a Kaduna suke da su, ka kiyaye safiyar Lahadi yadda kake kiyaye lokacin sallah. Minti 15 na farko ɗumama jiki: sassarfa, gudu gefe-gefe, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da sauka a kan gwiwa mai lanƙwasa. Akwai tsarin da ake kira FIFA 11+ da aka shirya don rage rauni, har da na ƙananan yara, bidiyonsa na intanet kyauta. Sai minti 15 na ɗan tsakiya, mutum huɗu ko biyar a da'ira suna ba juna, ɗaya ko biyu na neman ƙwacewa. Sai minti 20 a kan matsalar da kuka zaɓa. Sauran lokacin duka wasa ne, biyar da biyar a ƙaramin fili kamar taku 30 da 20.

A kan ƙaramin filin nan nake son ka tsaya. Idan ka raba yara 22 gida biyu a babban fili, mai rauninsu zai iya yin minti 10 bai taɓa ƙwallo ba. A biyar da biyar ba inda zai ɓuya, ƙwallo za ta same shi ko yana so ko ba ya so, kuma ƙwallaye za su yi ta shiga. Yaron da ya yi wata biyu bai ga ƙwallonsa a raga ba yana buƙatar ya tuna daɗin abin. Haka kuma ka guji dogon layi, inda yara 15 ke tsaye suna jiran ɗaya ya buga. Ko ƙwallo uku gare ka, ka yi rukuni uku. Ledar ruwa da aka cika da yashi tana maye gurbin kon ɗin roba da ake sa alama da shi a fili, toka tana zana layi. Ga 'yan ƙasa da shekara 12 ka nemi ƙwallo mai lamba 4, mai lamba 5 ta yi wa ƙafarsu nauyi.

Yanayin garinmu ma yana da hukuncinsa. A hunturu fili ya bushe ƙamas, faɗuwa ɗaya sai gwiwa ta saluɓe, a rage zamiya kuma a kula da masu asma saboda ƙura. A zafin Maris da Afrilu a tsaya shan ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20. Da damina, da zarar an fara walƙiya da tsawa a bar fili, kuma kada a fake a gindin bishiya. Da azumi a sassauta, a matsar da atisayen dab da magariba.

Ka rufe kowane atisaye da abin da zai sa su tafi suna dariya, ko gasar fenariti ce ko ta bugun turke. A kakar da ake cin ku wannan minti biyar ɗin ba ƙaramin aiki yake yi ba.

Mataki na huɗu: ka ba su abin da za su iya ci

Idan sakamakon ƙarshe kaɗai ne ma'auni, ƙungiyar da ake ci ba ta da abin kai wa gida. Sai ka yanka wasan gunduwa-gunduwa. Kafin a take ka ba su buri biyu da ke hannunsu: kada a ci mu a minti 10 na farko, mu kai hari biyar da gola zai taɓa, golkik shida su fita lafiya. Bayan wasa a buɗe littafi a duba. Wata rana an ci mu uku da ɗaya, amma da na karanta musu cewa golkik takwas cikin goma sun fita lafiya, sai na ga kawuna sun ɗago. Yara sun san yabon ƙarya daga nesa. Lissafin da ke rubuce kuwa suna yarda da shi.

Maganar karyewar zuciya kuma, koya ake yi kamar fasin. Mun yi wa kanmu doka: duk sanda aka ci mu, kyaftin zai ɗauko ƙwallon daga raga da kansa, ya tafa hannu, kowa ya matso, ya ce "Minti biyar!" Ma'ana, minti biyar masu zuwa ba mai tafiya gaba barkatai, a matse, a sauƙaƙa wasa har numfashi ya dawo. A atisaye nakan fara wasa in ce wa ɓangare ɗaya an riga an ci ku biyu, saura minti 10, ku nuna mini. Doka ta biyu ita ce ba mai zagin ɗan'uwansa a fili. Wanda ya yi, ko shi ne gwanin ƙungiya, zai fito ya zauna kusa da ni minti biyar. Laifi tudu ne, kuma ƙungiyar da ake ci ta fi kowa saurin hango na wani.

Mataki na biyar: sojan haya

Wajen wasa na shida ko na bakwai wani zai ja ka gefe. Masoyin ƙungiya ne, da zuciya ɗaya ya zo. Zai ce: "Koci, akwai wasu yara biyu da na sani, gajeru ne, ba mai ganewa. A aske musu gemu kawai. Wasa biyu za su buga mana mu farfaɗo." Kuma gaskiya ne, idan ka sa su za ku iya cin wasan. A duk kakar ba jarrabawar da ta kai wannan.

Ka tsaya ka lissafa abin da za ka biya. Yara biyu da suka yi wata shida suna zuwa atisaye cikin rana da ƙura za su koma benci saboda baƙin da ba su san sunan kowa ba. Duk yaran sun san shekarun baƙin, ko alƙalin wasa bai sani ba, kuma sun ga kocinsu ya rubuta ƙarya a takarda ya sa hannu. Gobe da wane baki za ka hana su satar amsa a jarrabawa? Sannan ɗan shekara 18 idan ya haɗa ƙafa da ɗan 13, ƙashin ɗan wani ne zai karye. Rage shekaru ya daɗe yana cin ƙwallon ƙasar nan. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasu wasanninta, FIFA ta shigo da gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki don tantance shekaru. Yaron da aka saba masa da ƙarya tun a unguwa, can gaba inda abin ya fi muhimmanci za ta kama shi.

Abin da nake ce wa mai kawo shawarar shi ne: "Na gode, Yallaɓai, na san kishi ne ya sa. Amma da waɗannan na fara, da su zan ƙare." Idan kuma ku ake kawo wa manya, ka kai ƙorafi a rubuce ga masu shirya gasar, cikin ladabi. In abin ya yi muni har kana tsoron lafiyar yaranka, janyewa ba abin kunya ba ne.

Sai dai a yi adalci, ba duk dogon yaro ne sojan haya ba. A shekara 13 zuwa 14 wani ya riga ya balaga, sa'ansa kuwa ko murya ba ta buɗe ba. Wannan ma dalili ne da zai hana ka yar da ƙaramin yaronka mai basira don ana ture shi bana. Nan da shekara biyu ƙashinsa zai zo, basirar kuma tana nan. Ka ba kowa lokacin wasa, ko da minti 15 ne. Tunda ana cin ku da gwanayen ma, me za ka rasa idan na benci suka koyi wani abu?

Ƙanwar wannan shawara ita ce ta asiri, a binne wani abu a raga ko a yayyafa wani ruwa a jesi. Mu yi addu'a kafin wasa da bayansa, kowa bisa addininsa, wannan ya isa. Yaron da aka koya wa cewa a ƙarƙashin ƙasa aka binne nasararsa ba zai ga amfanin zuwa atisaye ba. Ka kuma sa ido a kan masu ba yara ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi, da masu cacar ƙwallo da ke raɓar fili. Duk wanda ka gani ka raba shi da yaranka tun wuri, ka sanar da iyaye.

Mataki na shida: ka taka zuwa gida

Yaron da ya yi fashin atisaye biyu a jere, kada ka aika masa saƙo ta bakin abokinsa. Ka je. Golan nan nawa mako guda ban gan shi ba, sai na je gidansu bayan isha'i na yi sallama. Mahaifinsa ya fito da tabarma muka zauna a zaure. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam Koci, yaron nan kullum sai ya dawo yana kuka, yaran layi na kiran sa kwando. Ni ban ga amfanin abin nan ba." Na ce: "Baba, gaskiyarka ne, da ciwo. Amma ga littafi, a duba." Na nuna masa inda ƙwallayen ke fitowa, na nuna masa adadin waɗanda ɗansa ya tare. Na ce kuskuren tsari ne, kuma nawa ne, muna kan gyara shi. Dattijon ya daɗe yana kallon shafin da fitilar wayarsa. Sannan ya ɗaga murya ya kira yaron, ashe yana laɓe a bayan ƙofa yana ji, ya ce: "Gobe ka koma."

Iyaye ba kofi suke nema a wurinka ba. So suke su san inda ɗansu yake tsakanin la'asar da magariba, da wa yake tare, kuma karatunsa bai lalace ba. Ka riƙa neman ganin sakamakon makaranta a ƙarshen zango. Ka sallami yara da sauran haske, su isa gida kafin a kira sallah. Kuɗin karo-karo na mota da rajista, ka rubuta shige da fice ka karanta a gaban kowa, domin lokacin da ake ci ne zargi ke tsirowa. Uban ƙungiya da ya sayi jesi, kai za ka riga shi kira bayan wasa ka gaya masa abin da ake gyarawa. Masu ihu a bakin fili kuma, ka sami babbansu a keɓe ka roƙe shi: a yi ta ƙarfafa yara, gyara a bar maka.

Gwanin ƙungiya zai zo ya ce wata ƙungiya na neman sa. Kada ka kira shi maci amana. Ka bincika wurin, ka yi magana da iyayensa, in ya fi masa alheri ka sa masa albarka. Sauran suna kallon yadda za ka rabu da shi.

Mataki na bakwai: wasa daidai ƙarfi, da labarin gida

Tsakanin wasannin gasa ka nemi wasan sada zumunci da ƙungiyar da kuke kai ɗaya, inda za a iya ci ko a yi kunnen doki. Kada ka nemo waɗanda za ku zura wa goma, yara za su gane.

Wata Juma'a kuma ka tara su ka nuna musu wasannin ƙwallon ƙafa na gasar Olamfik ta Atlanta 1996 a waya. Brazil ta ci Najeriya ɗaya da nema a rukuni. Suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, ana cin mu 3 da 1, aka tashi 4 da 3 mu ke da nasara. A wasan ƙarshe sau biyu Ajantina na shiga gaba, aka tashi 3 da 2, kuma biyu daga cikin ƙwallayen ukun Celestine Babayaro da Daniel Amokachi ne suka ci, dukansu haifaffun Kaduna. Tijjani Babangida da Garba Lawal ma suna cikin tawagar. Ka tsayar da bidiyon daidai inda aka ci mu, ka ce su kalli abin da 'yan wasan suka yi a minti biyar da suka biyo baya. Idan akwai tsohon ɗan wasan Ranchers Bees ko Kaduna United a unguwarku, ka gayyato shi, ka roƙe shi ya ba su labarin kakar da shi ma aka yi ta cin su.

Rufe kaka

Kai ma kana buƙatar wanda za ka faɗa wa damuwarka, kuma ba yaran ba ne. Ka nemi kocin da ya girme ka a harkar, ka gayyace shi ya kalli atisayenka ya gaya maka gaskiya. Ni wani dattijon koci ne ya lura cewa ina yawan tsayar da wasa ina dogon bayani har jikin yara ya huce.

Bayan wasan ƙarshe kada a watse haka nan. Ka zauna da kowane yaro minti biyar shi kaɗai, littafi a hannu. Ka gaya masa abu ɗaya da ya iya yanzu wanda bai iya ba a farkon kaka, da abu ɗaya da zai yi aiki a kansa lokacin hutu, ko da buga ƙwallo a bango da ƙafar hagu ne sau 50 kullum. Sannan a yi ɗan zama, a dafa shinkafa ko a sayo lemo da biskit, a gayyato iyaye da uban ƙungiya. A karrama wanda bai taɓa fashin atisaye ba da wanda ya fi kowa ci gaba. A tattara jesi a wanke a ƙirga, a duba ƙwallayen da ke buƙatar faci. Kafin kowa ya tashi ka faɗi ranar da za a dawo atisaye da ƙarfe nawa, ka buɗe sabon shafi a littafin, duk mai dawowa ya zo ya rubuta sunansa da hannunsa.